Rameswaram: Tsibirin Indiya da jirgin ƙasa ke ratsa teku ya isa, inda ɗaukar hoto ke da iyaka

Duk mai yawan duba hotunan tafiye-tafiye a Instagram ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan hoto ba: jirgin ƙasa yana tafiya a hankali a kan wata siririyar gada, ruwa shuɗi ta hagu da ta dama, ga kwale-kwalen masunta a warwatse.

Gadar Pamban ke nan, wadda ta haɗa tsibirin Rameswaram da sauran jihar Tamil Nadu a kudu maso gabashin Indiya. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna sunan garin daga fim ɗin Chennai Express na 2013, inda Shah Rukh Khan ya ɗauko tokar gawar kakansa domin ya kai ta can.

Abubuwa uku ne ke jan masu ɗaukar hoto zuwa wannan tsibiri: layin dogon da ya ratsa teku, babban wurin ibadar mabiya addinin Hindu, da rayuwar masunta a bakin ruwa. Sai dai kowane ɗaya daga cikin ukun yana da iyakar da mai kyamara ba ya tsallakewa. A wani wurin ransa ne ke cikin haɗari, a wani wurin doka ce ta hana, a wani kuma mutuncin jama'a ne.

Gadar da ta yi shekara 108 tana aiki

An buɗe tsohuwar gadar Pamban a watan Fabrairun 1914, a zamanin mulkin mallakar Birtaniya. Tsawonta ya ɗan haura kilomita biyu, kuma a tsakiyarta akwai wani sashe mai fukafukai biyu na ƙarfe da ma'aikata ke ɗagawa da ƙarfin hannu idan jirgin ruwa zai wuce.

Har zuwa 1988, lokacin da aka buɗe gadar motoci a kusa da ita, wannan layin dogo ne kaɗai ya haɗa tsibirin da babban yanki. Wanda bai shiga jirgin ƙasa ba, sai dai ya shiga na ruwa.

Gishirin teku da iska sun yi ta cin ƙarfen gadar. A shekarunta na ƙarshe jirgi ba ya wuce gudun kusan kilomita 10 a sa'a a kanta. Wannan tafiyar hawainiya ce ta sa gadar ta yi farin jini a wajen masu hoto, domin mutum kan samu mintuna da dama yana saita kyamara kafin jirgin ya ƙetare.

A watan Disamban 2022 hukumar jiragen ƙasa ta dakatar da zirga-zirga a kanta saboda tsatsa. A ranar 6 ga Afrilun 2025 Firaminista Narendra Modi ya buɗe sabuwar gada a gefenta. Sashen tsakiyarta mai tsawon kusan mita 72 yana tashi sama gaba ɗaya, har mita 17, da ƙarfin inji. Ita ce irinta ta farko a kan teku a Indiya.

Yawancin hotunan da ake gani daga saman gadar motoci ake ɗaukarsu, saboda ta fi ta jirgin tsayi. Gwanaye kan fara duba jadawalin jirage, sannan su zaɓi safiya ko yamma lis, lokacin da rana ba ta dukan ruwa ta wanke launinsa. Haka kuma ba kullum jirgin ke zuwa a kan lokaci ba. Akwai na'urar auna iska a gadar, kuma idan iska ta yi ƙarfi fiye da kima ana tsayar da jirage sai ta lafa.

Inda matsalar take shi ne masu son su matso fiye da haka. Wasu kan taka layin dogo, wasu kan rataye a ƙofar jirgi da waya a hannu. Dokar jiragen ƙasa ta Indiya ta 1989 ta haramta shiga layin dogo ba tare da izini ba, kuma hukuncin ya haɗa da tara ko ɗauri.

Wani bincike da likitoci a Indiya suka wallafa a 2018 ya ƙirga mutum 259 da suka mutu a duniya wajen ɗaukar hoton ɗauki-kanka tsakanin Oktoban 2011 da Nuwamban 2017. Mutum 159 daga cikinsu a Indiya ne. Nutsewa a ruwa da haɗarin abin hawa, musamman jirgin ƙasa, su ne kan gaba. A Pamban ruwan da jirgin duk suna wuri ɗaya.

Garin da guguwa ta shafe

Layin dogon bai tsaya a Rameswaram ba a da. Yakan zarce zuwa Dhanushkodi, wani gari a kan siririn harshen yashi a ƙarshen tsibirin. Fasinja kan sayi tikiti ɗaya daga Madras, wato Chennai a yanzu, ya sauka a Dhanushkodi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Talaimannar a Sri Lanka, sannan ya sake hawa jirgin ƙasa zuwa Colombo.

A daren 22 ga Disamban 1964 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa yankin. Igiyar ruwa ta kwashe wani jirgin fasinja da ke dab da shiga Dhanushkodi, babu wanda ya tsira daga cikin mutum fiye da 100 da ke ciki. An ƙiyasta cewa guguwar ta kashe kusan mutum 1,800 gaba ɗaya.

Gadar Pamban ma ta lalace. Wani matashin injiniya mai suna E. Sreedharan ne ya jagoranci gyaranta cikin kwana 46. Shi ne daga baya ya jagoranci gina layin jirgin cikin birnin Delhi. Amma Dhanushkodi ba a sake gina shi ba, gwamnati ta ce bai dace mutane su zauna a wurin ba.

Abin da ya rage a yau shi ne bangon wani coci, da kufan tashar jirgi, da ginshiƙan tankin ruwa, yashi ya binne rabinsu. Tun da aka shimfiɗa kwalta har zuwa ƙarshen tsibirin, motocin masu yawon buɗe ido ke tururuwa can, kuma jami'ai kan sallami baƙi kafin dare.

Kufan ya zama wurin ɗaukar hoto, ana hawa bango ana murmushi. Da yawa daga cikin masu hawan ba su san cewa a wurin mutane suka halaka ba. Kuma duk da ana kiransa garin da babu kowa, akwai iyalan masunta da ke zaune a bukkokin ganyen kwakwa, suna sayar da soyayyen kifi da ƙwaryar katantanwar teku. Sau da yawa mai hoto kan karkatar da kyamara don kada su fito, saboda hoton kufai ya fi jan hankali idan babu mutum a ciki.

Wurin ibadar da waya ba ta shiga

A tsakiyar garin Rameswaram wurin ibadar Ramanathaswamy yake. Yana cikin wurare huɗu da mabiya Hindu ke kira Char Dham, waɗanda suke burin ziyarta a rayuwarsu. A imaninsu, a nan ne Rama ya yi bauta ga Shiva bayan ya dawo daga yaƙi a Lanka.

Abin da ya fi shahara a ginin shi ne barandarsa ta waje, mai ginshiƙan dutse fiye da 1,200 da aka sassaƙa, wadda sarakunan Sethupathi suka kammala a ƙarni na 18. Ana lissafa ta a matsayin mafi tsawo a wuraren ibadar Hindu na Indiya. Ginshiƙan sun jeru har inda ido ya tsaya, irin abin da duk mai kyamara ke mafarki.

Amma mai ziyara kan ajiye wayarsa da takalmansa a waje. A watan Disamban 2022 reshen Madurai na Babbar Kotun Madras ya umarci hukumomi su hana shiga da wayar salula wuraren ibadar Hindu a faɗin jihar, a wata shari'a da ta taso daga wurin ibadar Tiruchendur. Kotun ta kafa hujja da kiyaye tsarkin wurin. Tun kafin nan, a 2018, an riga an hana waya a babban wurin ibadar Meenakshi da ke Madurai bayan wata gobara. Ban da haka, wanda ba Hindu ba ba ya shiga ɗakin da ke can ciki.

Akwai kuma dalilin da ya shafi Rameswaram kai tsaye. Masu ziyara kan fara da wanka a teku, a gaɓar da ake kira Agni Theertham, inda wasu ke yin addu'o'i ga iyayensu da suka mutu. Daga nan su shiga ciki su bi rijiyoyi 22, ana kwara musu ruwa da guga a kowace. Maza da mata, tsofaffi da yara, kowa kayansa jiƙe suke sharkaf.

Gaɓar fili ce, tana fuskantar gabas, kuma fitowar rana a can tana da kyau ƙwarai. Don haka masu dogayen kyamarori kan taru da asuba. Babu shingen da zai hana su, sai dai kunya da sanin ya kamata. Matar da ke wanka da zanenta, ko mutumin da ke kukan mahaifinsa, ba su zo don a ɗauke su ba. A watan Disamban 2024 'yan sanda sun kama mutum biyu bayan wata mata ta gano ɓoyayyiyar kyamara a wani ɗakin sauya kaya mai zaman kansa kusa da gaɓar, lamarin da ya tayar da hankalin masu ziyara.

Abin da ya rage wa mai hoto ba kaɗan ba ne: dogayen hasumiyoyin ƙofa da ake hangowa daga titi, masu sayar da furanni, da cunkoson titunan da suka kewaye ginin.

Abin da hoton kwale-kwale ba ya faɗa

Hoto na uku shi ne na tashar masunta: jirage masu fenti kala-kala, kifi a shanye, mata da kwanduna a ka. Kallo ɗaya mutum zai ce zaman lafiya ya ƙare a nan.

Sri Lanka tana da nisan kusan kilomita 30 ne kacal daga Dhanushkodi. A 1974 Indiya ta amince cewa ɗan tsibirin Katchatheevu na Sri Lanka ne, kuma wata yarjejeniya a 1976 ta hana masuntan kowace ƙasa kamun kifi a ruwan ɗayar. Kifi ya yi ƙaranci a ɓangaren Indiya, don haka jirage da dama kan tsallake iyaka. Sojojin ruwan Sri Lanka kan kama su su ƙwace jiragen, a wasu shekarun ɗaruruwan mutane. An kuma sha rasa rayuka.

Su ma masuntan arewacin Sri Lanka, waɗanda Tamil ne kamar na Rameswaram, suna da kukansu. Manyan jiragen Indiya na jan koma ta ƙasan teku, abin da ke share ƙananan kifaye da wuraren da suke hayayyafa. Sri Lanka ta haramta wannan salon a 2017. Jirgin da ya fito fes a hoto, mai yiwuwa bashi ne a wuyan mai shi, mai yiwuwa kuma wani daga cikin ma'aikatansa yana tsare a ƙetare.

A kudancin tsibirin, a ƙauyuka irin su Chinnapalam, mata ne ke nutso da sari a jikinsu suna tsinko ciyawar teku, sun naɗe yatsunsu da tsumma saboda kaifin duwatsu. Hotunansu sun zaga duniya. Amma tun da aka ayyana tsibirai 21 na mashigin Mannar a matsayin gandun da doka ta kare a 1986, shiga wasu wuraren ya zama laifi. Hoton da ya nuna fuska da wuri yana iya jawo wa mace tara. Shi ya sa neman izini a nan ya wuce batun ladabi kawai.

Yaron da ke cafe jaridu daga jirgi

Akwai mutum ɗaya da tarihinsa ya haɗa jirgin, da wurin ibadar, da tekun. A.P.J. Abdul Kalam, masanin kimiyyar rokoki wanda ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007, a Rameswaram aka haife shi a 1931.

Mahaifinsa, Jainulabdeen, limami ne kuma yana da jirgin ruwa da ke jigilar masu ziyarar ibada 'yan Hindu. Babban malamin wurin ibadar amininsa ne. A littafin tarihin rayuwarsa, Wings of Fire, Kalam ya ba da labarin yadda aka daina tsayar da jirgi a tashar garin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai a jefo ƙunshin jaridu jirgin na tafiya. Shi ne yaron da ke cafewa, kuma da haka ya samu kuɗinsa na farko.

Gidansu da ke Titin Masallaci yanzu gidan tarihi ne, tafiyar 'yan mintuna daga wurin ibadar. An binne shi a tsibirin bayan rasuwarsa a watan Yulin 2015.

Irin wannan zaman tare ba ya fitowa a hoton gada. Sai wanda ya sauke kyamara ya zaga garin da ƙafa zai ga masallaci, da coci, da wurin ibadar Hindu a tsibiri ɗaya, duk suna cin abinci daga teku ɗaya da jirgi ɗaya.

Jirgin dare daga Chennai kan iso Pamban da sassafe. Fasinjoji kan yi cincirindo a tagogi da wayoyi a hannu, kuma cikin 'yan mintuna an ƙetare. Wanda ya samu kujerar taga ya riga ya samu hotonsa ba tare da ya leƙa ƙofa ba. Sauran hotunan da ke jiransa a tsibirin kuwa, sai ya tambayi masu wurin.