Ƙaramar gadar da ke tayar wa matuƙan jiragen ruwa hankali a Faransa

A garin Capestang da ke kudancin Faransa akwai wata tsohuwar gada da masu mota ke tsallakewa ba tare da sun kula ba. Amma ga matuƙan jiragen ruwa a mashigin Canal du Midi, ita ce zakaran gwajin dafi.

An buɗe mashigin mai tsawon kilomita 240 a 1681, bayan aikin da Pierre-Paul Riquet ya jagoranta. Ƙofar gadar mai siffar baka ce, ga ta ƙasa-ƙasa, daidai jiragen wancan zamani.

Shi ya sa matuƙi ke auna tsayi da faɗin rumfar jirginsa tun kafin ya taso. Wanda ya yi sakaci, ko ya kwance rumfar, ko ya juya.