Tsohuwar Akori-Kura Da Baƙon Inji

Da kaka ta kama a kudancin Katsina, hanyar da ta haɗa Funtuwa da Bakori da Malumfashi, da waɗanda suka ratse zuwa Ɗandume da Ɗanja da Ƙafur, sai su cika da motocin da suka girmi direbobinsu. Ga akori-kura ƙirar Peugeot 504 bayanta ya zauna saboda buhunan masara, ga J5 maƙare da kwandunan tumatir, ga tsohuwar Mercedes 911 mai bodin katako tana nishi da lodin auduga ko waken suya. Mai kallo daga gefen titi zai ɗauka yadda suka fito daga kamfani haka suke, illa fenti da ya koɗe. Sai an ɗaga bonet ake gane cewa wasunsu jiki ne kawai na asali. Injin da ke ciki baƙo ne, wani ma ba ƙasarsu ɗaya da motar ba.

Zaman 504 a wannan yanki ya daɗe. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin da ba su fi namu na karkara kyau ba. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, kuma a daidai wannan lokaci aka soma shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya kawo taki da iri, ya fitar da hanyoyin karkara, noman masara ya haɓaka. Amfanin gona ya samu, hanya ta samu, mota kuma tana fitowa daga Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i. Turai ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Abin da ya sa injinta ya yi farin jini wajen kanikawa shi ne sauƙin kai. Kafireta gare shi, ba kwamfuta, ba tarin wayoyi. Ramukan da fistin ke kai da komo a cikinsu silib ne da ake zarewa, don haka idan inji ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai a sauke shi, a sa sabon silib da fistin da ringi, a ɗaure, ya koma aiki. Injin fetur na J5 ma ɗan gida ɗaya ne da na 504, kwanciyarsa ce kawai ta bambanta, shi ya sa bakanike ɗaya ke iya riƙe su duka. Sai dai kowace ɗaura tana cin wani abu. An wasa karanshaf sau ɗaya, an sake wasa shi, kan inji ya lanƙwashe saboda zafi, kayan gyara na asali sun yi wuya, na kasuwa kuma wani wata shida ba ya yi. Ranar da injin ya buga a karo na uku ko na huɗu, mai mota kan zauna ya yi lissafi, ya ga kuɗin ɗaurawa ya kusa kamo na sayen wani injin na gwanjo daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wani dalilin ya ƙaru: tsohuwar kafireta da ta saki tana shan mai fiye da abin da lodin masara zai iya biya.

Ba mu kaɗai ke wannan sana'a ba. A 1962 wani Ba'amurke ɗan tseren mota, Carroll Shelby, ya sa aka ɗora injin Ford mai silinda takwas a cikin wata 'yar motar Ingila mai suna AC Ace, aka sami Cobra, wadda yanzu attajirai ke rububin ta. A Kuba, tsofaffin motocin Amurka na shekarun 1950 da ke ɗaukar fasinja a Habana, da yawansu da injin dizal na wasu kamfanoni suke yawo, saboda takunkumi ya yanke musu kayan gyara. Amma misalin da ya fi dacewa mai akori-kura ya sani shi ne na Lotus Elan, wata 'yar motar gudu da aka fito da ita a Ingila a 1962. Jikinta ba ƙarfe ba ne, don haka ba ya tsatsa, shasin da ke ƙarƙashi ne ke ruɓewa a ɓoye. Wani kamfani mai suna Spyder ya shahara wajen ƙera mata sabon shasi, har da wanda aka tsara musamman don ya karɓi injin Ford na zamani da ake kira Zetec. A lura da yadda suka jera aikin: sai da suka gina abin da zai ɗauki injin, sannan suka kawo injin. Hukumar rajistar motoci ta Birtaniya ma a da ta yi shekaru tana amfani da tsarin maki wajen tantance ko motar da aka yi wa garambawul tana nan a matsayin ita ce. Shasi maki biyar ne a wannan tsari. Inji maki ɗaya.

A garejinmu sau da yawa akasin haka ake yi. Inji ake fara saya, saura kuma a ce Allah Ya kiyaye.

Tambayar farko ita ce wane inji zai shiga. Mutum zai zaci na 406 ne ya fi kusa tunda gidansu ɗaya, amma 406 da ƙafafun gaba take ja, injinta a gicciye yake kwance, ita kuwa 504 da ƙafafun baya take turawa, injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya. Wannan ne ke karkata hankalin kanikawa ga injinan Toyota na Hiace da Hilux, irin su 1RZ da 2RZ da 22R na fetur, ko 2L da 3L na dizal, domin su ma a miƙe suke, kayan gyaransu kuma ba garin da babu. Akan sayo su haɗe da giyabos ɗinsu, saboda aurar da injin wani kamfani da giyabos na wani aiki ne da ba kowa ke iya daidaita shi ba.

Ranar saka inji sai mutum ya je ya gani. An rataya shi da sarƙa a jikin ƙarfe uku ko reshen dalbejiya, an turo motar ƙarƙashinsa, yara biyu na riƙe da shi kada ya yi lilo, maigidan gareji ya durƙusa yana leƙe ta ƙasa yana cewa a sassauta kaɗan. Nan take gardama ke farawa. Injin 504 a kishingiɗe aka ƙera shi, ya karkata gefe guda, shi ya sa hancin motar ya yi ƙasa. Baƙon kuwa a tsaye yake, kansa na neman taɓa bonet. Idan aka sauke shi ƙasa, kaskon baƙin mai ya ci karo da ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙafafun gaba, ko da sandar sitiyari. Idan aka tura shi baya, ya dunguri bangon da ke gaban ƙafar direba. Aka jawo shi gaba, fanka ta shafi lagireto. A ɗaga, a sauke, a sake ɗagawa. Idan wurin zama ya samu, sai a yanko kwalin taliya a auna siffar mazaunin inji da shi, a kai wa mai walda ya yanka ƙarfe mai kauri daidai da kwalin. Gwani ba ya ƙone waldar gaba ɗaya a karon farko, ɗan ɗigo yake yi, sai ya tabbatar inji da giyabos da aksul na baya suna kan layi ɗaya. Kuskuren faɗin yatsa a nan shi ne motar da za ta riƙa kakkarwa da zarar ta ɗauki gudu, tana cinye roba da kusoshi kowane wata.

Daga nan sai farfela. Tsawon sabon giyabos ba zai zo daidai da na tsoho ba, dole a yanke farfela a rage ta ko a ƙara, kuma wannan aikin masu injin sassaƙar ƙarfe ne, ba na walda a ƙasa ana auna wa da ido ba. A ƙaramar 504 ta shiga abin ya fi wuya, domin farfelarta a cikin wani bututu take tafiya wanda ya haɗe giyabos da baya. Salansa ma takan fito ta ɓangaren da ba a tanada ba. In dizal aka saka, injin ya fi nauyi, gaba zai zauna, yana son babban batir, kuma ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, saboda haka in ba a duba lissafin haƙoran aksul ba sai a sami motar da ke ihu a kan hanyar Zariya alhali ba gudu take ba.

Wurin da ake yawan yin asara shi ne wayarin. Injin zamani mai injekta ba ya aiki sai da birenbos, 'yar kwamfutar da ke karɓar saƙo daga na'urorin da ke auna iska da zafi da juyin inji, ta yanke yawan man da za a fesa. Yana kuma buƙatar famfon mai na lantarki mai matsi sosai, da matatar mai mai kyau, domin ƙazamin fetur na 'yan bumburutu da kafireta ke haɗiyewa shiru, injekta toshewa take yi da shi. Mai hankali kan sayi inji da birenbos ɗinsa da damin wayoyinsa ba a yanke ba, har da makulli idan irin mai tsaro ne. Wanda ya sayi inji tsirara don ya rage kuɗi, shi ne za a gani bayan mako biyu an cire masa injekta an ɗaura kafireta. Motar za ta tashi, ba shakka. Amma tsimin man da ya sa aka sayi injin ya tafi, an biya kuɗin sabon zamani an koma gidan jiya.

Haka batun tamostat, wannan 'yar ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya ɗauki ɗumin da ya dace. Al'adar kanikawa da yawa ce su cire ta su jefar, su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. A tsohon inji ɓarnar ba ta fitowa da wuri. A mai birenbos kuwa, muddin ruwa bai yi ɗumi ba kwamfutar za ta ɗauka safiya ce har yanzu, ta ci gaba da ƙara mai, musamman da hunturu. Maganin zafi shi ne lagireto mai girman da ya dace da injin, a wanke shi, a bar tamostat a wurinta.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo kan shasi da birki. An ƙera akori-kurar 504 ne don ta ɗauki tan ɗaya da 'yar ɗoriya, wato buhun masara goma zuwa sha biyu masu kilo ɗari. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwar Ɗandume, ga kuma mutane a saman lodi. Tsohon injin, wanda ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, shi da kansa yake taka wa direba birki, domin in lodi ya yi yawa ba ya iya gudu. Aka ba motar inji irin 3RZ na Hilux mai ƙarfin doki 150, wannan shingen ya faɗi. Za ta ja buhu ashirin ta haura tudu ba gardama, direba ya ji daɗi, amma birkin na shekara talatin ne, sifirin ɗin an sha ƙara masa ganye, ƙarfen da ke ƙarƙashin bodi kuma ya sha takin zamani da ruwan tumatir har ya yi laushi. Wurin da ya kamata a ƙwanƙwasa da guduma shi ne inda gidan direba ya haɗu da bayan mota, da inda sifirin ya kama, da kewayen mazaunin inji. Tsaga a nan ba ta jin faci a kan faci, sai an yanke ruɓaɓɓen an sa lafiyayyen ƙarfe. Manyan motoci irin 911, da Land Rover, sun fi sauƙin wannan aiki, domin shasinsu daban yake da jiki, ana iya ɗage bodi a duba shi tun daga gaba har baya, ko a canza shi ɗungurungum.

Akwai wani tarko da ya shafi masu komawa dizal. Taushin birki yana zuwa ne daga zuƙar iskar da injin fetur ke yi. Injin dizal ba ya bayar da wannan zuƙa, sai da ɗan famfo na musamman, wanda a injinan Toyota irin 2L da 3L yake manne a bayan altaneta. In aka canza altaneta da wadda ba ta da shi, ko aka manta ba a haɗa tiyon ba, feda za ta yi tauri kamar dutse a lokacin da ake tsananin bukatar ta. A hanyoyin Faskari da Sabuwa, inda matsalar tsaro ta sa ba mai son mota ta tsaya masa bayan la'asar, aikin da aka yi rabi da rabi ba ƙaramin ganganci ba ne.

Saura takarda. Lambar inji tana cikin takardun mota, kuma injin gwanjo ba ya faɗin inda ya fito. Duk wanda ya saya ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shago, ya je ofishin lasisi a gyara masa takardu, tun kafin jami'an VIO ko 'yan sanda su tsayar da shi da lodin tumatir a tsakar rana.

Ga mai akori-kurar da ke shirin wannan aiki bayan an sayar da amfanin bana: kafin ka tafi Ƙofar Ruwa, ka sa a ɗaga motar a duba shasi, ka ware kuɗin birki da lagireto da farfela da mai wayarin da ya san birenbos. In abin da ya rage bai isa sayen inji ba, ka sake ɗaure tsohon ka jira wata kakar.