Ƙarfin Damƙa da Sarrafa Yatsu ga Mai Ciwon Hanta: Matsalar Kalmomi a Hausar Asibiti

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda Hausa ke bayyana raunin hannu ga mai daɗaɗɗen ciwon hanta. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. A Jos kuwa, tun daga unguwar Daɗin Kowa har zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, sau da yawa da Hausa majinyaci ke kai kukansa, ko da shi da mai duba shi duk ba Hausawa ba ne. Abin da aka fi ji shi ne "hannuna ya mutu" ko "ba ni da ƙarfi". To amma a wurin likita, abubuwa uku ne mabambanta ke ɓoye cikin waɗannan jimloli.

2.0 Damƙa, sarrafawa da fuffuka

Na farko shi ne raguwar ƙarfin damƙa. Hanta ce rumbun da jiki ke ajiye sukari. Idan ta yi tabo ta ƙandare, ajiyar kan yi ƙaranci, sai jiki ya koma cin tsokarsa, musamman da dare, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar cin ɗan abinci kafin kwanciya. Ana gwada wannan rauni da na'urar da ake damƙewa ta nuna ƙarfi da kilo. Ƙwararrun Turai sun tsayar a 2018 cewa ƙasa da kilo 27 ga namiji, ko 16 ga mace, rauni ne. A nan Hausa ba ta da gibi. Tana da kama da riƙe da damƙe da matse, kuma damƙe, kasancewarsa aikatau ɗan aji na huɗu a rabon Parsons, yana ɗauke da ma'anar cikar aiki. A ganina, wanda ya ce wa majinyaci "riƙe wannan" a maimakon "damƙe iyakar ƙarfinka" ya ɓata awon tun kafin a fara.

Na biyu shi ne sarrafa yatsu, wato iya zura zare a allura, ko ɓalla maɓalli, ko ƙirga kuɗi. Wannan yana iya lalacewa alhali damƙa na nan daram, domin tushensa a ƙwaƙwalwa yake. Hantar da ta gaza ba ta tace amoniya daga jini, amoniyar kuwa kan dagula aikin ƙwaƙwalwa. Don haka ake sa majinyaci ya ɗiga alƙalami cikin ƙananan da'irori, ko ya bi layi mai lanƙwasa ba tare da ya kauce ba. Mai nazarin harshe zai lura da bambancin "na kasa ɗauka" da "yana suɓuce mini". A jimlar farko mai magana ne aikau, ya gwada ya gaza. A ta biyu abin da aka riƙe ne ya zama aikau, mai magana ya koma wanda abu ya faɗa wa. Tela ko mai kitso da ya zaɓi jimla ta biyu ya faɗi abin da tafinta bai kamata ya dunƙule shi cikin "kasala" ba.

Na uku ya fi wuyar suna. Idan aka sa majinyaci ya miƙe hannuwansa ya ɗaga tafuka, sai a ga tafin yana faɗuwa yana tashi. Adams da Foley ne suka bayyana wannan alama a 1949. An saba fassara ta da "rawar hannu" ko "karkarwa", waɗanda suka fi dacewa da sanyi ko tsoro ko tsufa, inda motsin ke bin juna ba yankewa. Abin da ke faruwa a nan shi ne tsoka kan saki na ɗan ƙiftawar ido sannan ta sake kamawa. Ina ba da shawarar "fuffukar hannu", domin ta kawo siffar tsuntsu mai kaɗa fiffike, kuma kalma ce da ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayaninta ba. Bambancin yana da nauyi, domin mai raunin damƙa abinci da motsa jiki yake bukata, mai fuffukar hannu kuwa a ranar ya kamata likita ya gan shi.