Wutar da ke hana gobara a dajin Ostareliya

A yankin Arnhem Land da ke arewacin Ostareliya, da zarar damina ta ɗauke wajen watan Afrilu, masu gadin daji kan fita da ashana su cinna wa ciyawa wuta da gangan. Inda ƙafa ba ta kaiwa kuwa, jirgi mai saukar ungulu ke sako wasu 'yan ƙwayoyi da ke kamawa da wuta bayan sun faɗi ƙasa.

Dabarar duka a lokacin take. A farkon rani ciyawa na da sauran ɗanyantaka, iska ba ta da ƙarfi, ga raɓa da dare. Sai wutar ta riƙa bin ƙasa, ta ci nan ta tsallake can, sau da yawa ta mutu da kanta kafin gari ya waye, ba ta taɓa kan bishiya ba. Idan gobarar ƙarshen rani ta taso a Satumba ko Oktoba, tana isowa wurin da aka riga aka ƙona sai ta rasa abin ci. Mai cinna wa busasshen daji wuta a tsakiyar hunturu don neman gafiya kada ya ce aikinsu ɗaya.

'Yan asalin ƙasar sun shafe dubban shekaru suna wannan ƙuna. Da aka tattara su a matsugunan mishan da na gwamnati, daji ya rasa masu kula da shi, ciyawa ta taru, gobara ta riƙa lashe shi duk shekara. A 2006 aka farfaɗo da al'adar a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 28,000, inda kamfanin gas na ConocoPhillips ya yarda ya riƙa biyan kusan dalar Ostareliya miliyan 1 a shekara, a rage hayaƙi mai ɗumama duniya da tan 100,000. Dattawa ke nuna inda za a ƙona, hoton tauraron ɗan'adam ya auna aikin.

Abin da ke neman ɓata lissafin shi ne gamba, wadda muke saƙa zana da ita. An kai ta can daga Afirka a shekarun 1930 don kiwon shanu, ta bazu, tana kai tsawon mita 4, wutarta kuma har manyan bishiyoyi take kashewa. Tun 2008 hukumar yankin ta sa ta cikin ciyayin da doka ta ce a yaƙa.