Jiki Magayi: Me Ke Sa Ƙwarya Ɗaya Ta Kā Da Mutum?

A Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba tun 1991, burkutun dawa ba baƙo ba ne a wasu unguwanni da ƙauyukan kewaye. A cikin mashaya akan sami wanda ƙwarya ɗaya tak za ta sa kansa ya sara, gabansa ya riƙa bugawa, zuciyarsa ta tashi. Sai abokai su yi masa ba'a, wai rago ne, in ya daure zai saba. Wannan shawara kuwa tana da haɗarin gaske.

Idan giya ta shiga jiki, hanta ce ke juya ta zuwa wata guba mai suna asitaldehaid, sa'an nan wani sinadarin jiki ya warware gubar. Akwai waɗanda suka gaji raunin wannan sinadari, saboda haka gubar takan taru cikin jininsu. Abin ya fi yawa a Sin da Japan da Koriya, inda yakan shafi kimanin mutum ɗaya cikin uku. Daurewa ba ta kawar da shi, sai ma ƙara haɗarin ciwon dajin maƙoshi. A 2009 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa gubar cikin masu haddasa shi.

A ƙasarmu wannan gado bai yawaita ba, amma akwai waɗansu dalilai. Giya takan tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Mai ciwon hanta kuwa kaɗan ma takan yi masa illa. Har ila yau likitoci kan hana ta ga mai shan ƙwayar Flagyl.

Wani lokaci kuma laifin na abin shan ne. A 2015 ogogoron da ya gurɓata da gubar metanol ya hallaka mutane da dama a Jihohin Ondo da Ribas.

Saboda haka duk wanda leɓunansa suka kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, ko ganinsa ya dushe bayan ya sha, kada a ce maye ne a bar shi ya kwanta. A garzaya da shi asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Wanda jikinsa ya ƙi giya kuwa, maganinsa ɗaya ne: ya bar ta.