Tarihin Gandun Laxton a Ƙasar Ingila

A tsakiyar ƙasar Ingila, cikin lardin Nottinghamshire, akwai wani ƙauye mai suna Laxton. Ba shi da girma, amma malaman tarihi kan yi takakka su je su gani, domin a nan ne ake noma bisa tsarin da aka gada tun shekaru aru-aru.

Bayan da Sarki Wiliyam ya ci Ingila da yaƙi a 1066, sai ya rarraba ƙasar ga manyan mayaƙansa. A 1086 ya sa aka rubuta akasarin garuruwa da dukiyarsu cikin babban littafin nan da ake kira Domesday, kuma Laxton na ciki. Ubangidan gari yana da gandunsa, talakawa kuma suna yi masa aiki wasu kwanaki a kowane mako, a madadin gonakin da ya ba su.

To, ga abin mamakin. Ba a ba mutum gonarsa a wuri ɗaya. Filaye ne manya-manya ba shinge, an yayyanka su dogaye siririya, kowane magidanci yana da nasa yankuna warwatse nan da can. Ta haka kowa ya sami rabonsa na ƙasa mai kyau da marar kyau. A Laxton filayen uku ne: ɗaya a shuka alkama, ɗaya sha'ir ko wake, na ukun a bar shi ya huta, shekara ta kewayo a juya. Tun da gonar wannan na manne da ta wancan, tilas a yi shawara tare, in ba haka ba rigima ba ta ƙarewa.

Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta rage mutane ƙwarai, aikin gandu ya yi ta komawa biyan kuɗin haya. Daga baya masu ƙasa suka kakkafa shingaye a kusan ko'ina, amma Laxton ta tsira. Taswirar da Mark Pierce ya zana a 1635 tana nuna yankunan ɗaya bayan ɗaya.

Har yanzu kotun gandun tana zama kowace shekara wajen farkon hunturu. Manoma kan zaga fili ɗaya su duba iyakoki, su kafa turaku, wanda kuwa garmarsa ta ci iyakar da ba tasa ba, a ci shi tara.