Yadda kwamfuta ke auna zafin ɗaki tun ba a gina shi ba

A watan Afrilu zafin rana a jihar Sakkwato kan haura digiri 40 a ma'aunin Celsius. A garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya zaunuwa daga azahar zuwa la'asar, sai a koma gindin bishiya ko zaure.

Yanzu masu zanen gine-gine na iya sanin irin zafin da ɗaki zai yi tun ba a haƙa harsashinsa ba, ta hanyar gina shi a cikin kwamfuta.

Yaya ake yi?

Da farko ana zana gidan a na'urar, da tsawonsa da faɗinsa da inda ya fuskanta. Sai a gaya mata abin da za a yi bango da shi, ko tubalin ƙasa ne ko bulon siminti, da kaurinsa, da irin rufin, da girman tagogi, da yawan mutanen da za su kwana a ciki.

Daga nan sai a ɗora mata bayanan yanayin wurin, wato zafi da laima da iska da ƙarfin rana, na kowace sa'a a cikin sa'o'i 8,760 na shekara. Na'urar kan bi su ɗaya bayan ɗaya tana lissafa zafin da ya shiga ɗakin da wanda ya fita, da wutar da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki za ta ci. In mai zane ya canza abu guda, misali ya sa silin, sai ya sake lissafin ya ga bambanci.

Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin wannan aiki ita ce EnergyPlus, wadda ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, kuma kyauta ake samunta.

Rufi ne babbar ƙofar zafi

Boɗinga na kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka a ƙarshen Afrilu, lokacin da bazara ta kai maƙura, rana kan tsaya kusan daidai tsakar ka, kuma rufin gida ne ke karɓar mafi yawan dukanta. Kwano siriri ne, ba ya riƙe zafi, nan take yake miƙa shi ga wanda ke ƙarƙashinsa. In ya tsufa ya yi tsatsa abin ya fi muni, domin ya daina mayar da hasken rana.

Bayan rufi sai bangon gabas da na yamma, waɗanda rana ke haskawa kai tsaye da hantsi da kuma la'asar. Shi ya sa ake ba da shawarar doguwar fuskar gini ta kalli kudu ko arewa, a kuma taƙaita tagogi ta yamma. Wannan gyara ba ya cin ko sisi idan an yi shi a kan takarda. Bayan an ɗora rufi kuwa, bakin alƙalami ya bushe.

Soron ƙasa mai azara wani abu ne daban. Bango mai kauri kan shanye zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i da dama yake isa ciki, don haka ɗakin ke da sanyi da tsakar rana. Maginan gargajiya sun san haka tun kafin a haifi kwamfuta. To sai dai lissafin na nuna ɗaya ɓangaren ma: zafin da bangon ya tara da rana, da dare yake amayar da shi. A daren bazara soro kan yi zufa, abin da ya sa kwana a tsakar gida ya zama al'ada. Amfanin na'urar a nan shi ne gwada girman taga da wurin da za a sa ta, ta yadda iskar asuba za ta ratsa ta kwashe zafin.

A ƙauyen Gando na Burkina Faso, makarantar da Francis Kéré ya kammala a 2001 ta haɗa dabarun biyu: bangon ƙasa da silin na tubali, sannan aka ɗaga kwano sama da su don iska ta wuce ta tsakani.

Dokar da ke a takarda

A 2017 gwamnatin tarayyar Najeriya, da tallafin Jamus da Tarayyar Turai, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine. Ta tanadi cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai da abin yi musu inuwa, a kuma sa wa rufi abin da ke tare zafi. Wanda ya so kauce wa waɗannan sharuɗɗa na iya gabatar da lissafin kwamfuta da ke nuna gininsa ba zai fi cin wuta ba.

Amma izinin gini a hannun jihohi yake, kuma galibin gidajen karkara ana gina su ne ba tare da zane ba, tsakanin mai gida da magini.

Akwai kuma matsalar abin da ake gaya wa na'urar. Yawancin manhajojin an tsara su ne da tunanin gida mai rufaffun tagogi da wutar lantarki dare da rana. A Boɗinga, inda wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ba ta da tabbas, kuma man janareta ya yi tsada tun bayan cire tallafi a 2023, tambayar da ta fi dacewa ita ce sa'o'i nawa ne ɗaki zai zaunu ba tare da wuta ba. Na'urar na iya amsa wannan ma, muddin an tambaye ta, an kuma ba ta yanayin Sakkwato maimakon na Legas ko Abuja.

Inda sakamakon zai fi amfani shi ne ajujuwan makarantu da ƙananan asibitoci, waɗanda hukumomi kan gina da zane iri ɗaya a garuruwa da dama. Gyara ɗaya a irin wannan zane zai shafi kowane aji da za a gina da shi daga Sifawa zuwa Shagari.